Yadda Ake Neman Gurbin Digirin Digirgir Mai Albashi a Fannin Tarihin Turai a Jami'o'in Norwe

Tun ranar da na ambata cewa a ƙasar Norwe biyan mutum ake yi ya yi digirin digirgir, tambayoyi ba su yanke ba. Mafi yawansu daga waɗanda suka karanta tarihi suke, kuma kusan duka tambaya ɗaya ce: ta ina ake farawa? Ga amsar nan daki-daki, bisa tsarin da ya kamata a bi. Na ɗauki fannin tarihin Turai ne domin shi aka fi tambaya, kuma shi ne mutanenmu suka fi jin tsoro, suna ganin ai gonar wasu ce.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. A Norwe wannan gurbi aiki ne na gwamnati, sunansa stipendiat a yarensu. Tallarsa ake yi kamar kowane aiki, a ɗauki mutum ɗaya, a ba shi ofis da albashi da fansho. Wanda ya shiga neman da tunanin tallafin karatu, yana ba da labarin talauci da burin taimakon al'umma, tun a zagayen farko ake ajiye takardarsa.

Mataki na 1: Auna digirinka kafin ka kashe ko kwabo

Abin da ake nema shi ne digiri na biyu a tarihi ko fanni makusanci, wanda ya yi daidai da nasu na shekara biyu, wato maki 120 a ma'aunin Turai na ECTS, tare da kundin bincike da ka rubuta da hannunka. Yawancin tsangayoyi suna son kundin ya kai nauyin maki 30 aƙalla, sakamakon kuma ya kai B a ma'auninsu.

Ga inda 'yan Najeriya ke tuntuɓe. Norwe tana lissafa shekarar farko ta jami'armu a matsayin cikon sakandare, saboda haka digirin farko na shekara huɗu daidai yake da nasu na shekara uku. Idan ka ɗora masa digiri na biyu na shekara ɗaya, irin wanda ake yi a Ingila, lissafin zai iya gazawa. Wanda ya yi M.A. na bincike a gida, da kundi mai kauri, sau da yawa ya fi shi tsayawa da ƙafafunsa. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da ke kan tsarin Faransa su tabbata Master 2 suka kammala tare da kundinsa.

Gargaɗi: a tallace-tallace da yawa dole a ce an gama duba kundinka kuma sakamako ya fito kafin ranar rufe karɓar takardu. "Saura kare kundi" ba ya shiga.

Hukumar da ke tantance takardun karatun waje ita ce HK-dir, wadda ta karɓi aikin daga wata hukuma mai suna NOKUT a 2023. Tantancewar kyauta ce, amma tana cin lokaci. Ba kowace talla ce ke wajabta ta ba. Ni dai shawarata ka nema tun yanzu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ka san matsayinka da wuri.

Mataki na 2: Tara takardu tun babu talla

Shaidar digiri na farko da na biyu, takardar sakamakon darussa ta dalla-dalla ta kowane digiri, kundin digiri na biyu a PDF, fasfo mai sauran kwana, da CV. Komai ya kasance da Turanci ko ɗaya daga yarukan Sikandinebiya, wato na Norwe da Siwidin da Danmak. Takardun Faransanci ko Larabci sai an kai wa mai fassara da hukuma ta amince da shi, a haɗa asalin da fassarar.

Takardar sakamakon nan ita ce ƙadangaren bakin tulu. Lokacin da na nemi tawa, sai da na yi sawu huɗu zuwa makarantar da na gama. A na uku aka ce fayil ɗina yana cikin wani kabad da mai makullinsa ya tafi hutu. Na zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar, ina kallon ranar rufe talla tana matsowa a wayata. Tallar ta wuce ni. Talla a Norwe takan yi 'yan makonni ne kawai a buɗe, don haka wanda ya jira ya ga talla sannan ya fara bin takardu ya makara.

Gargaɗi: duba yadda aka rubuta sunanka a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a wata, sai ka tanadi takardar rantsuwa ta kotu. Haka ranar haihuwa.

Batun jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL ya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya. Karanta sharaɗin tsangayar da kake nema kafin ka biya kuɗin jarrabawa, kuma ka tuna sakamakon shekara biyu yake aiki.

Mataki na 3: San inda ake talla

Shafin Jobbnorge shi ne kasuwar. A can jami'o'in gwamnati ke saka gurabensu, a can kuma ake cike takardar nema. Buɗe asusu, ka saita shi ya riƙa turo maka saƙon imel idan an saka gurbin stipendiat a tarihi. Shafin Euraxess ma yana ɗauko wasu. Sassan da suka cancanci sa ido su ne na tarihi a Jami'ar Oslo, da Jami'ar Bergen, da NTNU a Trondheim, da UiT a Tromsø, da Jami'ar Agder a Kristiansand.

Talla iri biyu ce. Akwai buɗaɗɗiya, wadda za a ce kawo duk binciken da ya shiga fagen sashen. Akwai kuma wadda ke rataye da wani babban aiki na wani farfesa da ya samo kuɗi daga Majalisar Bincike ta Norwe ko ta Tarayyar Turai. A ta biyun an riga an shata gona, kai kunyarka kawai za ka ja a ciki. Buɗaɗɗiya ta fi daɗin ji amma ta fi cunkoso, domin da masu tarihin zamanin Vikin da masu tarihin yaƙin duniya duk layi ɗaya za ku bi.

Gargaɗi: neman ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi a Norwe ɗan damfara ne. Kuɗin makaranta da aka sa wa ɗaliban da ba na Turai ba tun 2023 bai shafi masu digirin digirgir ba.

Mataki na 4: Zaɓi batun da kai ka fi kowa iya yi

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin wasan ko a faɗi.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauko Juyin Juya Halin Faransa ko musabbabin Yaƙin Duniya na Farko. Abokin takararka a irin wannan batu ya taso da yaren, ya yi shekara biyu yana shiga gidan adana takardun da kai ba ka taɓa gani ba. Me za ka fi shi da shi? Nemi wurin da tarihin Turai ya ratsa ta ƙofar gidanka, inda Hausarka ko Fulatancinka ko Larabcinka ko iya karanta ajami zai zama makami.

Irin waɗannan wurare suna da yawa, har a ƙasashen arewacin Turai da ake ganin ba ruwansu da mulkin mallaka. Danmak da Norwe ƙarƙashin sarki ɗaya suke har 1814, kuma sun riƙe sansanoni a gaɓar Ghana ta yau, ciki har da Christiansborg a Accra, wanda Danmak ta sayar wa Birtaniya a 1850. Jirgin bayi mai suna Fredensborg ya nutse kusa da Arendal a kudancin Norwe a 1768, aka gano ɓaraguzansa a 1974. Danmak da haɗakar Siwidin da Norwe suna cikin waɗanda suka zauna taron Berlin na 1884 zuwa 1885. 'Yan mishan na Danmak sun kafa sansani a Numan a 1913, na Norwe kuma suka isa Ngaoundéré da ke Kamaru a 1925, takardun na Norwe suna nan a birnin Stavanger na ƙasarsu.

Sai dai a kula. Gurbin na tarihin Turai ne, saboda haka tambayar binciken dole ta fuskanci Turai. Ɗauki misalin Ngaoundéré. Idan ka ce za ka rubuta tarihin yaɗuwar Kiristanci a Adamawa, za a ce wannan tarihin Afirka ne, ka nemi wani gurbin. Amma idan ka tambayi yadda wasiƙu da hotunan da 'yan mishan ke aikawa gida daga 1925 zuwa 1960 suka gina wa mutanen karkarar Norwe surar Musulmi da Fulani a zukatansu, musamman ƙungiyoyin matan da ke tara kuɗin mishan, to ka shigo fagen. Takardun ɗaya ne, alƙiblar ce ta juya. Kuma kai kana iya gane abin da ɗan mishan ya fahimta a karkace, abin da ɗan Oslo zai karanta ya wuce.

Gargaɗi: kada ka ɗauko batun da ba ka iya karanta yaren takardunsa. Misalin da na bayar yana buƙatar karatun yaren Norwe. Na mulkin Jamus a Kamaru yana buƙatar Jamusanci, har da tsohon rubutun hannunsu mai wahalar karantawa. Idan ka fara koyo, faɗi matakin da kake da gaskiya da yadda za ka ƙarasa. Kwamiti zai iya miƙo maka sakin layi a hira ya ce karanta.

Mataki na 5: Gano takardun tarihin da sunansu

Masanin tarihi da hujja yake magana. "Zan yi amfani da takardun da ke gidajen adana tarihi na Turai" magana ce ta wanda bai yi aikin gida ba. Kira su da suna da lamba. A gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew, wasiƙun Arewacin Najeriya suna ƙarƙashin CO 446, na Najeriya bayan haɗewa kuma CO 583. Na ma'aikatar mulkin mallakar Jamus suna Berlin-Lichterfelde ƙarƙashin R 1001. Na Faransa suna Aix-en-Provence. Na kamfanonin Danmak da suka yi fatauci a gaɓar Guinea suna Rigsarkivet, gidan adana takardun ƙasar Danmak, a Copenhagen. Kundin sunayen mafi yawan waɗannan yana intanet kyauta, da waya ma za ka iya bincikawa daga ɗakinka. Idan aikin ya taɓa gida, haɗa da gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, ka nuna abin da za su ƙara wa na Turai.

Rubuta wa ma'aikatan gidan adanar gajeren saƙo ka tambayi yawan fayilolin da ko a buɗe suke. Suna amsawa, kuma jimla ɗaya a daftarinka da ke nuna ka riga ka tuntuɓe su tana da nauyi.

Mataki na 6: Rubuta daftarin bincike

Wannan takarda ita ce ke ɗaukar ka aiki. Tsangayar ilimin ɗan'adam ta Jami'ar Oslo ta saba iyakance shi ga shafi uku zuwa biyar, haruffa 14,000, kuma tana da samfurin da take so a bi. Sauran jami'o'i da nasu adadin. Ko nawa aka ce, kada ka haura.

Tambayar binciken ta fito a sakin layi na farko, tambaya ɗaya da za a iya amsawa. Daga nan ka nuna abin da masana suka riga suka faɗa da inda maganarsu ta tsaya, kana kiran ayyukan da ka karanta da gaske, har da na 'yan shekarun nan. Sai takardun da za ka dogara da su da yadda za ka karanta su. Sai jadawalin aiki zango-zango: yaushe darussa, yaushe tafiya gidan adana takardu, yaushe kowane babi. Gurbin shekara uku ne, ko huɗu idan an haɗa da koyarwa na kashi 25 cikin ɗari. A cikin shekara ukun akwai darussan dole na maki 30, wato kusan zango guda. Abin da ya rage maka na bincike da rubutu shekara biyu da rabi ne. Aikin da ya ratsa ƙasa biyar da ƙarni biyu ba zai shiga ba, kuma masu dubawa sun fi ka sanin haka.

Mu da muka taso da kundin da ke buɗewa da dogon bayanin asalin matsala da ma'anar kalmomi, sai mun danne hannu. A shafi biyar babu wurin shimfiɗa.

Ka ambaci dalilin da ya sa wannan sashe ne ya dace da aikin: wace ƙungiyar bincike, wane malami ne aikinsa ya yi kusa da naka. Tallar takan ba da sunan wanda za a tuntuɓa. Rubuta masa layi biyar ko shida da tambaya takamaimiya. Kada ka tura masa takardunka duka, kada ka roƙe shi alfarma, domin ba shi da ikon ba ka gurbin, kuma roƙon zai rage maka daraja a idonsa.

Gargaɗi: kada ka kwafi jimlar kowa ba tare da ambatonsa ba, kada kuma ka jera littafin da ba ka buɗe ba. Mai yiwuwa marubucin littafin yana cikin kwamitin.

Mataki na 7: Wasiƙar nema da turawa

Shafi ɗaya ya isa, ko ɗaya da rabi. Bi sharuɗɗan tallar ɗaya bayan ɗaya ka nuna inda ka cika kowanne. Mutanen Norwe ba sa son kirari, ko na kai ko nasu. Sunayen mutum biyu ko uku da za su ba da shaida a kanka ake nema, da imel da lambar waya. Sa wanda ya duba kundinka a farko, ka sanar da shi tun da wuri, ka tabbata yana buɗe imel ɗinsa. Malami mai girma da ba ya amsa saƙo bai kai ƙaramin lakcara da ke amsawa amfani ba.

Ta Jobbnorge kaɗai ake turawa. Abin da aka aika ta imel ba a dubawa. Tura kwana biyu kafin ranar rufewa, saboda wuta da netwok ba su san uzuri ba.

Gargaɗi: dokar bayyana bayanai ta Norwe ta ba da damar a fitar da jerin sunayen masu neman aikin gwamnati. Kana iya roƙon a ɓoye naka tare da dalili, amma ba dole a amince ba. Idan kana koyarwa a wata makaranta kuma ba ka gaya wa shugaban sashenka ba, ka san da wannan.

Mataki na 8: Jira da hira

Kwamitin masana ne ke karanta takardu ya jera waɗanda suka fi. Wannan kan ɗauki watanni, shiru ba ƙi ba ne. 'Yan ƙalilan na sama ake kira hira, ta bidiyo ga wanda ke nesa. Tanadi wuri mai shiru, da caji, da layin data na biyu.

Shirya bayanin aikinka cikin minti biyar. Tambayoyin da ba sa wuce su: me za ka yi idan takardun ba su ƙunshi abin da kake zato ba, wane ɓangare za ka yanke idan lokaci ya ƙure, me ya sa nan. Za ka ga farfesa cikin rigar sanyi yana kiran kansa da sunan yanka, yana so kai ma ka kira shi haka. Ladabinmu na sunkuyar da kai da "haka ne ranka ya daɗe" a can ana iya ɗaukarsa rashin ra'ayi. Idan aka ƙalubalanci tunaninka, kare shi cikin natsuwa, ko ka ce gyaran ya yi kuma ga yadda za ka shigar da shi.

Mataki na 9: Izinin zama da kuɗin tashi

Da takardar ɗauka aiki ta zo, sai ka nemi izinin zama na ƙwararren ma'aikaci a shafin hukumar shige da fice, UDI. Kuɗin ya haura krona (kuɗin Norwe) 6,000, da kati ake biya, sannan ka kai takardu ofishin VFS, kamfanin karɓar takardun biza, da ke karɓar na 'yan ƙasarku, su ma da nasu cajin. Kada ka nemi bizar ɗalibi, ba ita ce taka ba. Mata ko miji da yara suna iya neman izinin biyo ka, kowa da kuɗinsa. Mai mace fiye da ɗaya ya sani mace ɗaya kawai doka ta sani.

Albashin ya haura krona 500,000 a shekara kafin haraji, ana cire kashi 2 cikin ɗari na fansho. Kada ka buga shi da naira ka ruɗe. Haraji zai ci rabonsa, haya a Oslo kuma ba wuya ta haura krona 10,000 a wata ko ga ƙaramin gida. Mai gida yakan nemi ajiyar hayar wata uku, a asusu na musamman da sunanka, ba a aljihunsa ba. Kada ka tura wa kowa kuɗin gida kafin ka ga gidan ko jami'a ta tabbatar maka da shi. Tikitin jirgi, ajiyar haya, kayan sanyi da abincin wata biyu duk daga aljihunka za su fito kafin albashin farko.

Mataki na 10: Makonnin farko

Yi alƙawarin ganin 'yan sanda tun kafin ka taso, domin a makon farko ake son ka bayyana a ɗauki hoto da zanen yatsa na katin zama. Daga nan sai lambar shaida da katin haraji. Idan katin haraji bai fito ba kafin a biya albashi, rabi za a cire, sai daga baya a daidaita. Banki ba ya buɗe asusu sai da lambar shaidar, shi ma yana jan ƙafa. Waɗanda suka fito daga ƙasashenmu ana buƙatar su yi gwajin tarin fuka, kyauta ne.

A wasu jami'o'in ɗaukar aiki ta haɗa da shiga shirin digirin, a wasu kuma sai ka cike takardar shiga daban cikin watannin farko, tare da daftarin da kuka gyara kai da mai duba aikinka. Wata shida na farko na gwaji ne. A zaman farko da mai duba aikin, tambaye shi nawa sashe ke ba kowane stipendiat na tafiye-tafiyen bincike a shekara da yadda ake nema, sannan ka yi rajistar ajin koyon yaren Norwe na ma'aikata kafin gurabe su cika.